Dusa, buhun kamfani ko haɗin gida: wanne ya dace da aladiya mai ciki, wanne ya dace da masu tasowa

Kowace Alhamis kasuwar Katsit da ke gefen Kafanchan takan cika da aladu daga Zonkwa, Kagoro, Manchok da ƙauyukan kewaye, manyan motoci kuma na jiran lodi zuwa kudu. Mai taya alade ba ya tambayar watanninsa, faɗin baya da cikar cinya yake dubawa. Sai ka ga biyu haihuwar wata ɗaya, an sayi ɗaya ninkin kuɗin ɗan'uwansa. Wani lokaci iri ne ya raba su, amma galibi kwanon abinci ne. Shi kuwa abinci yana cin kusan kashi 70 cikin 100 na kuɗin kiwon alade, don haka duk mai kiwo, a Kudancin Kaduna yake ko Filato, Numan, Zuru ko ƙasar Tangale, wata rana sai ya zauna ya zaɓi ɗaya cikin hanyoyi uku: ya ci gaba da dusa da abin da ya samu, ya sayi buhun kamfani, ko ya haɗa da kansa.

Kafin a gwada su, sai an san cewa aladiya mai ciki da alade mai tasowa ba abu ɗaya suke nema ba. A gidaje da yawa ma an juya lissafin: ana ɗura wa mai ciki abinci don tausayi, ana barin yayayyu da dusa da ruwa wai ai za su girma.

Cikin aladiya kwana 114 ne, wata uku da mako uku da kwana uku. A mafi yawan wannan lokaci ba ta buƙatar fiye da kilo 2 zuwa 2.5 na busasshen abinci a rana, mai furotin kashi 12 zuwa 14 cikin 100. Idan ta wuce haka sai ta tara kitse, haihuwa ta yi mata wuya, ta riƙa danne 'ya'ya, kuma bayan ta haihu ta kasa cin abinci a daidai lokacin da ya kamata ta ci kilo 5 zuwa 7 don nono. A zafin Maris da Afrilu abin ya fi muni. Mafi yawan nauyin 'ya'yan yana haɗuwa ne a kashi na uku na ƙarshen ciki, shi ya sa ake ƙara mata kamar rabin kilo a makonni uku ko huɗu na ƙarshe, musamman idan ramammiya ce ko mai cikin fari. Gwajin mai sauƙi ne: ɗora tafin hannu a ƙugunta. Idan ƙashi ya fito ana gani, ta rame. Idan sai ka danna kafin ka ji shi, daidai take. Idan ka danna ba ka ji komai ba, rage mata.

Inda ba ta ɗaga ƙafa shi ne ma'adinai. Jadawalin da kwamitin NRC na Amurka ya fitar a 1998, wanda masu haɗa abinci suka daɗe suna aiki da shi, ya sa wa mai ciki kalsiyam kashi 0.75 da fosfaras kashi 0.60 cikin 100 na abincinta. A kilo 2.2 wannan ya kama giram 16 da ɗoriya na kalsiyam kowace rana. Kilo guda na masara kuwa ko rabin giram ba shi da shi. Idan babu a kwano, jikinta zai ciro daga ƙasusuwanta ya gina na 'ya'yan, ya sake cirowa don nono. Ba za ka ga komai a cikin fari ba. Sai a haihuwa ta biyu ko ta uku, ko ranar da aka yaye 'ya'ya aka kai ta wurin namiji, ƙafafun baya su ƙi ɗaukarta. Mutane su ce iska ce ko sammu, a sayar da ita da araha ga mahauta.

Mai tasowa kuwa nama yake ginawa, kuma naman yana buƙatar furotin mai kyau. Daga kilo 20 zuwa 50 yana neman furotin kusan kashi 18, da wani sinadari a cikin furotin ɗin da ake kira laisin kusan kashi 0.95. Daga kilo 50 zuwa 80 abin ya sauko zuwa furotin kashi 15 zuwa 16 da laisin 0.75. Kalsiyam ɗinsa bai kai na uwar ba: 0.60 a farko, 0.50 daga baya. Shi ba a ƙayyade masa abinci sosai, ana barinsa ya ci ya ƙoshi, domin duk ranar da bai ƙara nauyi ba ya ci abincin banza ne. Waɗannan alƙaluma na irin Large White, Landrace, Duroc da ruwa-biyunsu ne. Aladen gida ba ya cin haka, ba ya kuma girma haka, amma abubuwan da yake rasawa su ɗin ne dai.

Hanyar dusa

Ita ce mafi araha a rana, kuma ba zan raina ta ba, don ita ta biya kuɗin makarantar yara da yawa. Dusar masara daga injin niƙa, dusar burkutu, dusar giya daga kamfanonin Kaduna, ɓawon rogo, ganyen dankali, ragowar tuwo. Ga mai ciki, wannan hanya tana da alheri na gaske. Dusa na cika ciki ba tare da tara kitse da yawa ba, tana hana taurin kashi dab da haihuwa, aladiyar kuma ta kwanta ba ta cizon ƙofa don yunwa. Babbar aladiya na narkar da dusa fiye da ƙarami nesa ba kusa ba.

Matsalar ita ce duk waɗannan abubuwa talakawa ne a kalsiyam. Dusar alkama da ta shinkafa suna da fosfaras mai yawa a takarda, wajen kashi 1 ko fiye, amma yawancinsa a ɗaure yake da sinadarin fayitet wanda hanjin alade ba ya iya kwancewa. A masara, abin da alade ke amfana da shi bai wuce kusan kashi 15 cikin 100 na fosfaras ɗin da ke ciki ba. Dusar alkama ta ɗan fi, don tana ɗauke da nata sinadarin da ke kwance shi. Jiƙaƙƙiyar dusar giya kuma kashi uku cikin huɗunta ruwa ne. Bokitin kilo 10 bai fi kilo 2.5 na abinci ba, kuma cikin 'yan kwanaki yake tsami ya yi fumfuna. Dusar shinkafa ta ƙananan injina sau da yawa rabinta ɓuntu ne, wanda ba ya ƙara komai sai tulin kashi.

Ga yayayye mai kilo 10 ko 15, dusa zalla kusan horo ce. Cikinsa ƙarami ne, yana cika kafin ya samu abin da yake buƙata. Shi ne za ka ga babban kai, dogon gashi, tumbi ya fito, wata takwas yana nan kamar ɗan wata uku.

Sai ragowar abincin otal da gidajen cin abinci. Nan ba maganar gina jiki ba ce, maganar rai ce. Ƙwayar cutar zazzaɓin aladu na Afirka tana rayuwa watanni a cikin naman alade, kuma cutar ba ta da magani. Ta shigo Najeriya da ƙarfi a 1997, a 2020 kuma ta kashe dubban aladu a rukunin gonakin Oke-Aro da ke iyakar Legas da Ogun. Wanda ya ga dole sai ya ba da ragowar abinci, ya tafasa shi awa guda yana juyawa. Ni dai ba zan kai shi gaban mai ciki ba ko an tafasa.

Buhun kamfani

Amfaninsa a bayyane yake: an auna komai, ba ruwanka da sikeli. Tsadarsa ma a bayyane take. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne a yawancin shagunan arewa abincin kaji da na kifi ne a jibge, na aladu sai an nema, sai mai kiwo ya ɗauki na kaji ya ce ai duk abinci ne. Na kajin ƙwai yana da kalsiyam kashi 3.5 zuwa 4 saboda ɓawon ƙwai, wato kusan ninki shida ko fiye na abin da mai tasowa ke buƙata. Wannan yawan yana toshe zinki da fosfaras, alade ya rage ci, girma ya tsaya. Na kajin nama kuma sau da yawa akwai maganin kashin jini a ciki, irin su monensin ko salinomaisin. Idan alade na cin wannan aka kuma ba shi maganin tiyamulin, wanda ake yawan bai wa aladu don gudawa da tari, haɗuwar biyun na iya shanye masa jiki ko ta kashe shi.

Idan an samu na aladu na gaskiya, a duba ranar da aka yi shi, don bitamin na mutuwa a buhun da ya daɗe a shago mai zafi. A ganina wurin da buhu ya cancanci kuɗinsa guda ɗaya ne: 'ya'ya daga mako na biyu ko na uku har su kai kilo 15 zuwa 20. A lokacin kaɗan suke ci, cikinsu bai yi ƙwari ba, haɗa musu abinci a gida kuma yana da wuya. Ciyar da mai ciki da buhu kwana 114, kusan kilo 250 ke nan, kashe kuɗi ne a inda dusa mai gyara za ta yi aikin.

Akwai kuma konsantiret, wato haɗin furotin da ma'adinai na kamfani, wanda ake sayowa a gauraya da masarar gida. Ga wanda ya noma hatsinsa amma ba ya son sayen ƙananan kaya ɗaya bayan ɗaya, ba laifi. Sai dai a karanta takardar buhun a ga na aladu ne, kuma a bi ma'aunin da aka rubuta. Ana yawan tsinka shi da dusa fiye da kima don ya yi auki, daga nan an koma gidan jiya.

Haɗin gida

Nan ne ribar take, nan ne kuma ake yin kuskuren da ya fi yawa. Ga misalin kilo 100 na mai ciki: masara ko dawa kilo 55, dusar alkama 32, garin waken suya da aka matse mai 10, garin ƙashi 1.5, garin dutsen laimiston giram 750, gishiri giram 500, firimis (haɗin bitamin da ƙananan ma'adinai) giram 250. Wannan zai ba da furotin wajen kashi 14 da kalsiyam dab da 0.8. Na mai tasowa daga kilo 20 zuwa 50: masara 60, dusar alkama 14.5, waken suya 23, garin ƙashi 1.25, laimiston giram 500, gishiri 350, firimis 250, garin laisin 150. Dubi bambancin: waken suya ya ninka har da ƙari, dusa ta ragu da fiye da rabi, ma'adinai sun ɗan sauka. Wanda ya haɗa abinci ɗaya ya ba kowa, ko dai ya yi asarar waken suya a kan uwar, ko ya tauye yaran.

Ana tambaya ko ƙuli-ƙuli zai maye gurbin waken suya, tunda furotin ɗinsu kusan ɗaya ne, wajen kashi 45. Ga mai ciki zai iya maye wani ɓangare. Ga mai tasowa akwai gyara, don laisin ɗin ƙulin gyaɗa kusan rabin na waken suya ne, sai an cike da garin laisin, ko garin kifi, ko garin jini wanda bai wuce kilo 3 cikin 100 ba. Gyaɗa kuma ita ce gidan gubar afalatoksin idan ta sha danshi. Ɗanyen waken suya sai an soya ko an dafa, in ba haka ba yana hana narkar da furotin. Angurya tana da gubar gosifol, a nisanta ta da ƙanana. Masarar da ta yi fumfuna kuwa kada araharta ta ruɗe ka: wani nau'in gubarta na kumbura gaban 'yan matan aladu, ya rikita neman barbara, ya rage yawan 'ya'ya.

Yanzu ga inda aka fi ruɗewa. Mutum ya sayi firimis ya ce ya gama da ma'adinai. Firimis ɗin da ake zubawa kilo 2.5 a tan guda bitamin ne da ƙananan ma'adinai: zinki, ƙarfe, tagulla, manganis, aidin, seleniyam. Babu kalsiyam ko fosfaras na a zo a gani a cikinsa, babu gishiri. Waɗannan ukun daban ake sayensu, kuma akwai zaɓi a ciki.

Laimiston da garin ɓawon kawa kusan abu ɗaya ne: kalsiyam kashi 36 zuwa 38, fosfaras babu ko kaɗan. Su ne mafi araha, shi ya sa hannu ke saurin yawaita su. Garin ƙashi yana da duka biyun, kalsiyam kashi 24 zuwa 30 da fosfaras 12 zuwa 14, kusan yadda jiki ke so, kuma ana samunsa a duk inda ake sayar da kayan haɗin abincin kaji. Aibinsa rashin tabbas: wani an cakuɗa da yashi ko toka, wani bai ƙonu ko dahu sosai ba yana wari. Zuba cokali guda a kofin ruwa ka motsa, yashi zai kwanta a ƙasa ka ji shi da yatsa. DCP, wato garin dikalsiyam fosfet, ya fi tsada, yana da kalsiyam wajen kashi 22 da fosfaras 18, kuma abin da aka rubuta shi ne a ciki idan na abincin dabbobi ne daga hannun amintacce. Mai uwaye goma ko fiye, zan ce ya sayi DCP da laimiston ya huta da caca. Mai biyu ko uku, garin ƙashi mai kyau ya ishe shi.

Abin kiyayewa shi ne kalsiyam ya ɗan fi fosfaras kaɗan, kamar 1.2 a kan 1, kada ya ninka shi. Laimiston zalla a kan masara da rogo yana ba da kalsiyam ba fosfaras, ƙashi kuwa ba ya ginuwa da ɗaya. Idan kalsiyam ya yi yawa kuma zinki ya yi kaɗan, fatar masu tasowa takan yi kauri ta tsattsage, da ɓawo-ɓawo a ƙafafu, cinya da ciki. Ana ɗaukarsa ƙazuwa a yi ta allura ba sauƙi. Bambancin shi ne mai ƙazuwa yana susa kamar zai yage jikinsa a bango, na rashin zinki ba ya cika susa.

Kanwa fa? Ana ba shanu da tumaki, wasu na jefa wa aladu ma. Kanwa dangin gishiri ce, ba ta maye gurbin garin ƙashi. Farar ƙasar shafen bango kuma ba ita ce laimiston na abinci ba, tana iya ƙona baki da hanji.

Giram 250 na firimis yana da ƙanƙanta har mutum ya ga kamar ba komai, amma a mai ciki ne rashinsa ke fitowa fili. Rashin aidin na kawo 'ya'ya marasa gashi masu kumburin wuya, a mace ko dab da mutuwa. Rashin bitamin A na kawo raunana, wani lokaci makafi, kuma farar masarar da muka fi nomawa ba ta da sinadarin da jiki ke juyawa zuwa bitamin A kamar yadda ja take da shi. Ɗanyen ganye na taimakawa a nan, musamman da rani. Rashin seleniyam da bitamin E kan sa yayayye mafi kyau a garke ya faɗi matacce ba tare da ya yi ciwo ba. A nemi firimis na aladu, in da hali na uwaye daban, don na kaji ba a auna shi da buƙatarsu ba.

Ƙarfe shi kaɗai ne ba a iya biyo da shi ta kwanon uwa. Ɗan alade na zuwa duniya da kusan miligiram 50 a jikinsa, yana buƙatar 7 zuwa 10 kullum, nono kuma yana ba shi kusan 1 kacal, ko me aka ba uwar. Wanda ke yawo a waje yana tonon ƙasa yana samun nasa. Na ɗakin siminti sai allurar ƙarfe, miligiram 200 cikin kwana uku na farko. In ba a yi ba, a mako na biyu zuwa na uku za ka ga sun yi fari fat suna haki. Ko buhu kake saye ko haɗawa kake, wannan allura na nan a kanka.

Haɗin gida yana son sikeli. Mudu ma'aunin cika ne, mudun dusa da na masara ba nauyinsu ɗaya ba. Ƙananan kayan kuma a fara gauraya su a cikin kilo 5 na dusa, sannan a watsa a babban tulin a juya shi sau uku ko huɗu da shebur. In ba haka ba alade ɗaya ya cinye gishirin mako guda a loma ɗaya.

To wanne za a ɗauka?

Mai aladiya ɗaya ko biyu a bayan gida kada ya bar dusarsa. Ya haɗa garin ƙashi kilo 1.5, laimiston giram 750, gishiri 500 da firimis 250 a bokiti mai murfi, ya riƙa ba mai ciki giram 65 a rana a cikin dusarta, da kamar giram 200 zuwa 250 na waken suya. Ya auna sau ɗaya a sikelin mai shago, ya yi alama a gwangwanin tumatir. Dukan cikin ba zai ci fiye da kilo 7.5 na wannan haɗin ba, kuɗinsa kuma bai kai na ɗan alade ɗaya da aka yaye ba. Idan dusar masara ce ko rogo ya fi yawa a abincin, ba ta alkama ba, ya ƙara garin ƙashi ya rage laimiston.

Masu tasowa su ne ba a yi musu rowa. Da haɗi mai kyau, aladen iri mai kyau zai tashi daga kilo 20 zuwa 90 cikin wata huɗu zuwa biyar da abinci kilo 200 zuwa 230. A kan dusa zalla lokacin na iya ninkawa, kuma kowace ranar ƙari akwai ruwa, shara, magani da barazanar annoba. Wanda kuɗinsa ba zai kai ya ciyar da goma yadda ya kamata ba, gara ya sayar da biyar a yaye ya ciyar da biyar. Bayan sun wuce kilo 50 ana iya rage waken suya zuwa kilo 16 ko 17 a ƙara dusa. Kafin a zargi kowane abinci kuma a ba da maganin tsutsar ciki, a kuma ba mai ciki nata mako ɗaya ko biyu kafin haihuwa bisa shawarar likitan dabbobi.

Duk wanda ya fara sa gishiri a abinci, ruwa ya zama wajibi dare da rana. Mai ciki na shan lita 12 zuwa 20 a rana, mai shayarwa ta wuce haka sosai. Alade da ya ci gishiri ya yini ba ruwa, sannan aka kawo ya sha da yawa a tashi ɗaya, yakan kama zagaye da farfaɗiya, wani ya mutu. Idan ruwa ya yanke, a dawo da shi kaɗan-kaɗan.

Lokacin sayen hatsi ma yana cikin lissafin. Aladu sun fi daraja dab da Kirsimeti. Wanda za a kai kasuwa a Disamba da kilo 90, a Yuli ko Agusta yake kilo 20, wato kiwonsa zai fara ne a watannin da masara ta fi tsada kafin sabuwa ta bushe. Mai haɗin gida da ke son cin wannan kasuwa sai ya sayi masararsa tun kakar bara, a Saminaka ko kasuwar da ta fi kusa da shi, busasshiya ƙayau, ya jera buhunan a kan katako nesa da bango.